Ziyarata Dutsen Ɗuri Sina: Me za mu gaya wa yaranmu game da Attaura da Linjila?

A wannan watan ina so ki ɗan ajiye muciya ki biyo ni wata tafiya da Allah Ya nufe ni da yi a ƙasar Masar. Amma kafin mu kama hanya, bari in fara gaya miki abin da ya sa tafiyar ta zauna mini a rai.

Wata ranar Asabar ina koya wa 'yan aji huɗu rukunan imani a Islamiyyarmu. Mun zo kan rukuni na uku, wato imani da littattafai, yara suna ta rerawa: Attaura ga Annabi Musa, Zabura ga Annabi Dawuda, Linjila ga Annabi Isa, Alƙur'ani ga Annabi Muhammadu (SAW). Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to Linjilar da maƙwabciyarmu take zuwa coci da ita ranar Lahadi, ita ma sai mun yi imani da ita?" Kafin in buɗe baki wani yaro ya yi caraf ya ce, "Ke, wannan ai littafin arna ne," ya kuma ƙara da wata baƙar magana a kan Yesu wadda ba zan iya maimaita miki ba. Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin yaron bai san cewa wanda ya zaga ɗin nan shi ne Annabi Isa ɗan Maryamu (AS) da ya gama rera sunansa ba. Na tsawatar masa, na ba yarinyar amsa a gurguje, amma har ga Allah na san amsar ba ta gamsar da ita ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba.

Bayan 'yan watanni, cikin Fabrairun 2023, Malam ya tafi Alƙahira ganin likitan ido, ya tafi da ni. Da aka gama magani muka ga akwai sauran kwanaki kafin ranar tashinmu, sai ƙanensa da ke karatu a Azhar ya ce mu je mu ga dutsen da ake cewa a nan Allah Ya yi magana da Annabi Musa (AS).

Na san za ki tambaye ni, shin ya halatta a yi takakkiya zuwa wani dutse? Ni ma na tambayi Malam, sai ya tuna mini da wani hadisi a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Abu Huraira (RA) ya taɓa zuwa Ɗuri, a hanyarsa ta dawowa wani sahabi ya ce masa da ya riske shi kafin ya tafi da ya hana shi, domin ba a ɗaura sirdi don neman falalar wuri sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Saboda haka muka gyara niyya tun daga ɗaki. Ba mu je neman tabarruki ba, ba mu je shafar dutse ba. Mun je ne mu gani mu ɗauki darasi, tunda gani ya kori ji.

Hanyar Sina

Mun bar Alƙahira da sassafe a ƙaramar bas. Daga can zuwa garin Sant Katrin da ke gindin dutsen ya haura kilomita 400, kuma ga shingayen jami'an tsaro inda ake duba fasfo, don haka sai da muka yi kusan wuni a hanya. Muka bi ta ramin mota na Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin ruwan Suwes, muna fitowa sai ga mu a yankin Sina. Ba da nisa ba direba ya nuna mana wani wuri mai itatuwan dabino da tsofaffin rijiyoyi, ana kiransa Uyunu Musa. Mutanen wurin suna danganta shi da idanun ruwa goma sha biyu da suka ɓuɓɓugo lokacin da Annabi Musa ya daki dutse da sandarsa, kamar yadda ya zo a aya ta 60 ta Suratul Baƙara. Daga nan muka yi ta bin gaɓar teku, sannan muka karya muka shiga kwarin Fairan, inda duwatsu jajaye suka tsare mu dama da hagu, babu ciyawa, babu inuwa sai ta tsirarun itatuwan ƙaya.

Ina kallon wannan fako sai na tuna iyayenmu mata na Bani Isra'ila. Shekara arba'in suka yi suna ɗimuwa a irin wannan ƙasa da goyo da tsofaffi. Mukan karanta ƙissar a Suratul Ma'ida mu wuce, amma idan kika ga wurin da idonki, jikinki sai ya yi sanyi.

Ya kamata ki sani cewa babu aya ko hadisi da ya nuna wannan dutse da yatsa ya ce shi ne Ɗuri. Tun ƙarni na 4 na Miladiyya Kiristoci suke ɗaukarsa a haka, Larabawan yankin kuma suna kiransa Jabalu Musa, amma masana sun yi saɓani a kan ainihin wurin. Abin da muka tabbata shi ne Allah Ya yi rantsuwa da Ɗuri a Suratuɗ Ɗur da Suratut Tin, kuma a gefensa, a kwari mai tsarki na Ɗuwa, aka umarci Annabi Musa ya tuɓe takalmansa.

Hawa cikin dare

Da dare ake hawa domin a riski fitowar rana a ƙoli. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka fito da tocila, wani saurayi daga ƙabilar Jabaliyya yana yi mana jagora. 'Yar uwa, sanyin hunturunmu wasan yara ne a kan na wurin nan. Tsawon dutsen mita 2,285 ne, kuma hanya biyu ce: akwai ta matakala 3,750 da ruhubanawan Kirista suka sassaƙa, akwai kuma ta raƙuma wadda ta fi sauƙi. Ta raƙuma muka bi, amma duk wadda kika bi, a ƙarshe sai kin taka matakala 750 da ƙafarki, domin raƙumi ba ya wuce nan. A kan hanya akwai 'yan rumfuna inda ake sayar da shayi, ana kuma ba da hayar bargo.

A ɗaya daga cikin rumfunan nan, ina haki ina neman wurin zama, sai na ji an ce, "Wayyo gwiwata!" da Hausa tsantsa. Na haska tocila, sai ga wata dattijuwa da za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta naɗe kanta da ɗankwali biyu. Na ce, "Sannu Mama." Ta ɗago da mamaki ta ce, "A'a, 'yata, daga ina?" Ashe daga Filato suke, ayarin mata ne na wani coci. Na ba ta dabino, ta matsa mini gefen bargonta.

Da ta ga hijabina sai ta ce, "'Yata, ku ma kun san Musa ne?" Na ce, "Mama, ai babu Annabin da aka fi ambatar sunansa a Alƙur'ani kamar Annabi Musa, sau 136." Ta riƙe baki. Sai ta shiga lissafa mini dokokin da ta ce a kan dutsen nan aka ba shi: kada a bauta wa kowa sai Allah, a girmama uwa da uba, kada a yi kisa, kada a yi zina, kada a yi sata, kada a yi shaidar zur. Tana faɗa ina jin kamar ana bi mini ayoyi na 151 zuwa 153 na Suratul An'am, waɗanda suka hana shirka da kisa da alfasha, suka yi umarni da kyautata wa iyaye da faɗin gaskiya ko da a kan ɗan uwa ne. Na ce mata, "Mama, wannan duk muna da shi."

Da hira ta kai kan Annabi Isa (AS) kuwa, ta faɗi abin da ta yi imani da shi, cewa ɗan Allah ne. Na ce, "Mama, nan kam mun rabu. A wurinmu bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba uba, muna sonsa, mahaifiyarsa ma tana da sura guda da sunanta, amma Allah bai haifa ba, ba a kuma haife Shi ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya nuna mana gaskiya." Na ce amin. Babu wadda ta ɗaga wa wata murya. Da muka zo matakalan ƙarshe, ni na riƙe hannunta.

A ƙolin akwai ɗan ƙaramin coci da ɗan ƙaramin masallaci, kusa da juna. Muka shimfiɗa darduma a gefen masallacin muka yi Asuba, Malam ya karanta farkon Suratu Ɗaha. Ban taɓa jin ayoyin nan sun ratsa ni kamar ranar ba. Can gari ya waye, rana ta ɓullo, duwatsu suka yi ja har iyakar ganin ido. Na tuna aya ta 143 ta Suratul A'araf, inda Annabi Musa ya roƙi ya ga Ubangijinsa, dutse ya niƙe, shi kuma ya faɗi sumamme. Ayoyi biyu bayan nan ne aka ambaci allunan da aka rubuta masa wa'azi da bayanin komai a cikinsu. Attaura ke nan, uwargida. Maganar Allah ce, wadda aya ta 44 ta Suratul Ma'ida ta ce akwai shiriya da haske a cikinta, haka aya ta 46 ta faɗa game da Linjila. Ta yaya ɗan Musulmi zai buɗe baki ya yi wa waɗannan sunaye izgili?

Gidan ruhubanawa

Mun sauko hantsi ya fara, muka shiga gidan ruhubanawa na Sant Katrin, wanda da safe kawai ake buɗe wa baƙi. Sarkin Rum Jastiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565, wato kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), kuma har yau akwai ruhubanawa a ciki. A 2002 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Katangarsa doguwa ce ta dutse, lungunansa ƙanana kamar na cikin birni. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hasumiyar masallaci tsaye kusa da hasumiyar ƙararrawa. Masallacin tun zamanin Faɗimiyyawa yake, wajen 1106, sai dai a rufe muka same shi. A ɗakin kayan tarihi kuma an nuna mana kwafin wata takardar alƙawarin aminci da ruhubanawan suke cewa Annabi (SAW) ne ya ba su. Masana tarihi suna da ja a kan ingancinta, amma sarakunan Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna kare gidan da mutanensa.

Ɗakin karatun gidan yana da littattafan rubutun hannu kimanin 3,300, da Girkanci da Siriyanci da wasu harsuna, ɗaruruwa kuma da Larabci. A nan aka adana wani kundi da aka rubuta a kan fata da Girkanci a ƙarni na 4, wanda shi ne cikakken kwafin Sabon Alkawari mafi tsufa da ya rage a duniya. Wani Bajamushe mai suna Tishendof ya ɗauki shafuka 43 daga ciki a 1844, ya dawo a 1859 ya tafi da mafi yawan sauran zuwa Rasha, daga baya a 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila a kan fam 100,000. Yau kundin a rarrabe yake tsakanin Landan, Laifzig ta Jamus, Sant Fitasbag ta Rasha da kuma nan Sina, inda aka gano wasu 'yan shafukansa a 1975.

Ga abin da ya shafe mu a ciki. Malaman Kirista da kansu sun rubuta cewa kundin cike yake da gyare-gyaren hannun marubuta daban-daban, dubbai. Littafin Markus a cikinsa ya tsaya ne a aya ta 8 ta babi na 16, alhali kwafin da aka saba bugawa ya kai aya ta 20. Akwai kuma littattafai biyu a ƙarshensa da ba sa cikin Sabon Alkawari na yau. Ba ina faɗin wannan don gori ba ne. Mutanen nan sun yi hidimar kwafa da adanawa cikin sanyi da ƙarancin fata, har sukan kankare tsohon rubutu su yi sabo a kansa, kamar yadda almajiri yake wanke allo. A 1892 wasu mata biyu tagwaye daga Sikotland suka gano tsohon rubutun Linjiloli huɗu da Siriyanci a ɓoye ƙarƙashin wani rubutun a wannan gida. Abin da na gani dai shi ne, littafin da aka bar tsaronsa a hannun mutane, dole ya ɗauki alamar hannun mutane. Aya ta 44 ta Ma'ida ta nuna cewa malaman Bani Isra'ila aka ɗora wa tsaron Attaura, aya ta 79 ta Baƙara ta yi gargaɗi ga masu rubuta littafi da hannunsu su jingina wa Allah. Alƙur'ani kuwa, a aya ta 9 ta Suratul Hijr, Allah da kanSa Ya ɗauki alƙawarin tsaronsa. A 2015 Jami'ar Bamingham ta Ingila ta bayyana cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar wasu shafuka biyu na Alƙur'ani da ke wurinta ta tsakanin 568 da 645 ce. A jikinsu akwai farkon Suratu Ɗaha, ayoyin nan da Malam ya karanta mana a kan dutse, waɗanda 'yarki take haddacewa a allo.

Kalmomi biyu

A mota muna komawa na buɗe tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a aya ta 48 ta Suratul Ma'ida. Kalmomi biyu aka siffanta Alƙur'ani da su game da littattafan da suka gabace shi: musaddiƙan, wato mai gaskatawa, da muhaiminan, wanda Ibnu Abbas (RA) ya fassara da amintacce a kansu. Sai na gane kuskurenmu. Wasunmu sun riƙe ta biyu sun saki ta farko, shi ya sa yaro zai zagi Linjila yana ganin addini yake yi. Wasu kuma sukan riƙe ta farko su manta ta biyu, har su ce ai duk ɗaya ne. Alƙur'ani ya haɗa biyun: yana shaida cewa Attaura da Zabura da Linjila da takardun Annabi Ibrahim daga Allah suke, sannan shi ne sikelin da ake auna abin da ya rage a hannun mutane.

Ko a ranar farko ta wahayi haka abin ya kasance. Da Nana Khadija (RA) ta kai Manzon Allah (SAW) wurin ɗan baffanta Waraƙa bin Naufal, wanda ya karanci littattafan farko, ya shaida cewa mala'ikan da ya zo wa Annabi Musa ne ya zo masa. Haka nan a cikin hadisin Muwaɗɗa da na ambata miki, a Ɗuri ne Abu Huraira ya zauna da Ka'abul Ahbar, masanin Attaura. Suka yi saɓani a kan sa'ar amsa addu'a, Ka'abu ya ce sau ɗaya ce a shekara, Abu Huraira ya ce kowace Juma'a ce. Ka'abu ya koma ya duba Attaura, ya dawo ya ce Manzon Allah ne ya yi gaskiya.

Ibnu Kasir ya kawo ƙa'idar a gabatarwar tafsirinsa, kashi uku. Abin da ya dace da Alƙur'ani, gaskiya ne, kamar dokokin da Mama ta lissafa mini. Abin da ya saɓa masa, ba mu karɓa, kamar jingina wa Allah ɗa. Abin da Alƙur'ani ya yi shiru a kansa, ba mu gaskata ba mu ƙaryata, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci sahabbai a hadisin Bukhari. Aya ta 46 ta Suratul Ankabut kuma ta ce kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau.

Amsar yarinyata

Da na dawo gida na kira yarinyar nan gaban aji na ce, "Linjilar da Allah Ya saukar wa Annabi Isa gaskiya ce, wanda bai yi imani da ita ba bai yi imani ba. Littafin da ke hannun maƙwabciyarku kuwa tarin littattafai ne da mutane da yawa suka rubuta a zamunna daban-daban, har da labarin rayuwar Annabi Isa ta bakin Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, an fassara shi duka zuwa Hausa a 1932. Akwai gaskiya a ciki, akwai abin da ba mu yarda da shi ba, Alƙur'ani ne yake rabe mana. Ba mu ɗaukar aƙida ko ibada daga cikinsa, ba mu kuma wulaƙanta shi." Yaron nan kuma na sa shi ya haddace ayoyi na 30 zuwa 33 na Suratu Maryam, maganar Annabi Isa yana jariri. Da ya ji fassarar, sai ya sunkuyar da kai.

Uwargida, wannan aikin ba na malamar Islamiyya ba ne ita kaɗai, sa'a biyu kawai muke yi da su. Ki saurari abin da yaranki suke faɗa idan sun dawo daga wasa. Ki gaya musu Yesu shi ne Isa, kuma Musa da Dawuda namu ne. Kada ki bari a ƙunsa ƙosai ko gyaɗa a takardar littafin maƙwabta, domin akwai sunan Allah da na AnnabawanSa a jiki. Idan maƙwabciya ta tambaye ki, ki faɗi inda kuka haɗu ba tare da tsoro ba, ki faɗi inda kuka rabu ba tare da zagi ba. Da dare kuma, idan kina biya musu ayoyi biyun ƙarshe na Baƙara kafin barci, ki ɗan tsaya ki fassara musu, su ji cewa muminai sun yi imani da littattafan Allah duka, ba sa kuma rarrabe tsakanin ManzanninSa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya raya mu a kan Alƙur'ani, Ya tashe mu tare da Annabawa baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.